Yadda Kallamu Ya Samo wa Inna Akwatin Wuta

A garinmu, Gangaren Tsamiya, in ka bi layin masu buga bulo har ka wuce rijiyar masallaci, gidan da ke da dalbejiya a ƙofa shi ne gidan Baba Jatau. Katangarmu ɗaya da su, matarsa Kande kuwa aminiyata ce tun muna amare, don haka abin da zan faɗa muku ba a bakin rijiya na tsinto shi ba. 'Ya'yansu uku. Babbar, Tabawa, tana aure a birni. Sai Nomau, mai gyaran waya da rediyo a bakin tasha, yana zaune a gidan da matarsa Lantana da jaririyarsu Yalwa. Sai auta, Kallamu, ƙato guda mai buga bulo, wanda Allah ya ba ƙarfi da farar zuciya, ya kuma haɗa masa da kunnen da ba ya tace magana. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. An taɓa ce masa ya tsaya a bakin hanya sai motar yashi ta zo. Motar ba ta zo ba sai washegari, ta kuwa same shi a tsaye. Mutane na ce masa wawa. Ni ba na son kalmar, amma tsakani da Allah ban sami wata da zan sa a gurbinta ba.

Kande, wadda suke kira Inna, ta riga mu gidan gaskiya. Mace ce mai kunya ta ƙin ƙarawa. Baƙo namiji na yin sallama za ta shige ɗaki, ba ta fitowa sai ya tafi, kuma da ciwo ya kwantar da ita Kallamu ne ke ɗaukarta ya kai ta ɗakin. Hoto kuwa ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Abin da ya rage nata a duniya shi ne bidiyon bikin Tabawa, inda mai ɗauka ya sace ta tana kai-komo a tsakar gida ba ta sani ba. Bidiyon na cikin wani tsohon faifan kwamfuta, ɗan ƙarfe bai fi tafin hannu ba, kuma shi ke nan guda ɗaya. Nomau ya taɓa gwada kwafe shi, faifan ya yi ƙas-ƙas ya tsaya, tun daga nan ya ji tsoron taɓa shi. Ga Baba Jatau kuma yanar ido ta fara rufe masa gani, kunne ya yi nauyi. Ya ce shi ba ya roƙon komai a wurin 'ya'yansa, illa ya ga fuskar Kande sau ɗaya kafin idon ya ƙarasa rufewa.

To, shi ne Nomau ya ɗaura aniya. Ya kafa babban talabijin a bangon falo, ya ajiye lasifika dama da hagu, ya harhaɗa wata kwamfuta siririya da za ta zauna a ƙasan talabijin ɗin. Komai ya kammala sai abu ɗaya, akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa. Ita ke karɓar wuta daga bango ta raba wa kowane ɓangare rabonsa. Nomau ya ce in ta zama ta banza ba ita kaɗai take mutuwa ba, sai ta ja na kusa da ita. Ana haka ya faɗo daga babur ya karye a ƙafa, aka yi ɗori aka kwantar da shi, ga Sallah ta matso, an riga an faɗa wa dangi washegarin Sallah za a kalla. Ba wanda za a aika birni sai Kallamu. Ranar da abin ya tabbata, Nomau ya kira shi ya nuna masa ɗan aljihun da faifan ke shiga a gaban kwamfutar, mai zamewa kamar aljihun tebur, ya ce masa: "Ka ga wannan? Inna ce. Yadda kake yi wa Inna, haka za ka yi masa." Tun daga ranar, kullum safiya sai Kallamu ya durƙusa gaban kwamfutar ya gaishe ta, ya faɗa mata bulo nawa ruwa ya ɓata.

Wata rana Nomau ya ce masa fawa ta jabu ba ta da nauyi, kamar gwangwanin madara take, saboda haka ya ɗaga ya ji, duk wadda ta fi nauyi ita ce. Kallamu ya ce to. Ya isa layin masu kayan lantarki ya shiga ɗage-ɗage. Ku tuna mutumin da ke wuni yana jifa da bulo ne, duk wadda aka miƙo masa sai ya ɗaga ta da yatsa biyu ya girgiza kai, ya tambaya ko akwai wadda ta fi ta. Wannan shago ya tura shi wancan, wancan ya tura shi gaba, har ya ƙure layin ya faɗa wurin masu walda. A nan ya ga wani tsohon inji baƙi ƙirin, mai wayoyi kamar igiyar guga. Ya tambaya ko yana raba wuta, aka ce sosai ma. Ya sunkuya ya ɗaga, sai da jijiyar wuyansa ta miƙe, nan take fuskarsa ta washe. Da la'asar sakaliya muka ji hayaniya, muka leƙo, sai ga Kallamu yana turo injin a kura, gumi na zuba, rabin gari na biye da shi. Ya tsaya a ƙofar gida ya ɗaga murya: "Yaya, na duba kasuwar kaf, babu wadda ta fi ta!" Nomau ya leƙo ta taga, ya koma ya ja matashi ya rufe fuska. Injin nan har yau yana gindin dalbejiya, a jikinsa ake ɗaure ragon layya, kuma ba ragon da ya taɓa tsinkewa.

Wata rana kuma, da Nomau ya huce, ya ce bari ya bi ta wata hanyar. Ya buɗe kwamfutar, ya kama hannayen Kallamu ya ɗora ɗaya a wannan gefen ramin da fawar za ta zauna, ɗaya a wancan, ya ce kada ya buɗe, kada ya matse, sai ya sami wadda ta shiga tsakaninsu. Wayyo, da ya san abin da ya faɗa! Haka Kallamu ya fita da hannaye a gaba kamar mai ɗauke da ƙwaryar da ba a gani. A bakin tasha ya yi kiciɓis da mai unguwa, dattijo ya miƙo hannu, Kallamu ya durƙusa ya ba shi haƙuri, ya ce hannun na aiki ne yau. A mota ya tokare mutane biyu da gwiwar hannu tun daga gari har birni, suna mita yana ba su haƙuri. Ƙuda ya sauka a hancinsa ya yi zamansa, sai wata tsohuwa ce ta ji tausayi ta kore masa. A kasuwa kuwa bi ya yi shago-shago yana zura hannayen a jikin kowace fawa, manyan duk suka ƙi shiga, har ya dace da wata 'yar ƙarama da ta zauna cif. A tsakanin tafukan nan ya kawo ta gida, sai da Lantana ta gasa masa kafaɗu da ruwan zafi kafin hannayen su sauka. Aka saka ta, ta shige ramin kamar don shi aka yi ta. Amma da Nomau ya kunna ta ita kaɗai don gwaji, sai fankar cikinta ta ɗauki ruri kamar injin markaɗe, kajina na bayan katanga suka watse. Kallamu ko a jikinsa. Tsayawa ya yi yana murmushi yana cewa ta dai shiga.

Wata rana Nomau ya zaunar da shi ya yi masa bayani a tsanake. Ya ce muryar Inna a bidiyon nan ƙasa-ƙasa take, kunnen Baba kuma ga yadda yake, in fanka na ruri ba abin da tsoho zai ji. Wadda ake so ita ce wadda ko jaririya na barci kusa da ita ba za ta farka ba. Kallamu ya fito tsakar gida ya ce wa Lantana Yaya ya ce a ba shi aron Yalwa. Lantana ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba ta ba shi 'yarta, sai dai su tafi tare, ita da ma tana son ganin atamfar Sallah. Suka isa layin, kowane shago na kiɗa da lasifikarsa, ba ka jin maganar na kusa da kai. Kallamu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da ladabinsa, yana cewa don Allah a kashe, Yalwa za ta yi barci. Duk wanda ya ɗaga kai ya ga faɗin ƙirjin mai roƙon sai ya kashe. Lantana ta rantse min layin nan ya yi tsit kamar an tada salla. Aka shimfiɗa zane a kan teburin mai shago, aka kwantar da yarinya, aka riƙa kawo fawa ana kunnawa kusa da kunnenta. Wata ta sa ta yamutsa fuska, wata ta sa ta motsa ƙafa, wata kuwa ta sa ta tsala ihu, har Kallamu ya ce wa mai ita ya ji tsoron Allah. Sai a shagon wani mutum, Sallau, aka sami waɗanda aka kunna Yalwa ta ƙara gyara kwanciya. 'Yan kallo suka yi tafi a hankali don kada ta tashi. Amma da Sallau ya tambaye shi me da me ke cikin kwamfutar, don a san ƙarfin da ya dace da ita, sai Kallamu ya ce wannan ba a faɗa masa ba. Suka dawo da atamfa, ba fawa.

Wata rana, saura kaɗan Sallah, Nomau ya sake buɗe kwamfutar ya ce masa ya kalla da kyau, duk abin da ke ciki ya je ya faɗa wa Sallau, kada ya tsallake ko ɗaya. Kallamu ya daɗe a durƙushe yana leƙe. Da ya isa shagon ya miƙe tsaye kamar mai ba da hadda, ya fara: akwai koren allo, akwai ƙaramar fanka, akwai faifan da Yaya ya zuba fina-finai da wasan ƙwallo, akwai wayoyi ja da baƙi, akwai ƙura a kusurwar hagu, akwai gizo-gizo guda mai rai, akwai ƙwayar gero da ba a san wanda ya kai ta ba. Sallau na dariya har da riƙe ciki, hannunsa ya riga ya kai kan wasu kwalaye masu ƙyalƙyali da yake tura wa mutanen ƙauye. Sai Kallamu ya ƙarasa.

"Sai kuma Innarmu."

"Innarku? A ina?"

"A ciki. Baba ne yake son ya gan ta kafin idonsa ya rufe."

Sallau ya sa shi ya maimaita, ya yi masa tambayoyi har ya gane zancen. Daga nan dariyar ta ɗauke. Ya janye hannunsa daga kan kwalayen nan, ya shiga can ƙuryar shago ya fito da wata fawa baƙa, ba ado ba komai, cikin waɗanda Yalwa ta yarda da su. Ya ce irin kwamfutarsu ba ta cin wuta da yawa, ba ta bukatar ƙatuwa. Wannan za ta ɗauke ta har da sauran ƙarfi, kuma in wuta ta zo da hauka kashe kanta take yi, ba ta tura wa na ciki. Ya ce shi tasa uwar ta rasu, ko muryarta ba shi da ita. Kallamu ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya zura hannaye ya ga ta shiga, ya ɗaure ta a ƙirji da rawani kamar goyo. Da waƙa ya shigo gari ranar, ni kaina sai da na yi masa guɗa ta saman katanga.

Wata rana, wato washegarin Sallah, gida ya cika. Bayan azahar sai ga motar Alhaji Maikano, mijin Tabawa, shi da abokansa biyu. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba, sai dai yana son abu mai walƙiya. Ya ji labarin wahalar da ake sha, ya tsaya a hanya ya sayo tasa fawar tsaraba: kwali kamar na kayan lefe, fitilu ja da kore da shuɗi, ga wata ƙatuwar lamba a jiki wai ƙarfinta ke nan. Suna sallama a zaure na ga Kallamu ya fito daga falo da wani abu a naɗe cikin zane, yana takawa a hankali, amma hankalina na kan tukunya ban kula ba. Aka shigo da Nomau a kan tabarma. Ya ga tsarabar, na ga fuskarsa ta canza, amma wa zai mayar wa surukin gida kyauta a gaban abokansa? Dangi kuma suka ce ai ba a haɗa zaɓin Alhaji da zaɓin wanda ya turo injin walda a kura. Aka yi dariya, aka ɗauke fawar Kallamu aka ajiye a bakin taga. Abin ya yi masa ciwo, ni ma ya yi min, don na san tafiyar da ya sha.

Ta Alhaji ba ta ma shiga ramin ba, a gefe aka ajiye ta aka ja wayoyi. Aka zaunar da Baba Jatau dab da talabijin. Aka kunna, fitilu suka kama wasa, mutane suka ce ka ga kaya. Ba a rufe baki ba sai ji muka yi fat! Hayaƙi ya turnuƙe, warin ƙonannen roba ya cika falo. Nomau ya manta da karaya ya ja jiki ya fizge wayar bango, ya kai hannu cikin kwamfutar ya taɓa faifan fina-finansa, ya janye da sauri don zafi. Ya kalli ɗan aljihun gaba, ya kasa buɗewa, sai hawaye. Tabawa ta ɗora hannu a ka. Alhaji Maikano ya cire hula yana fifita, gumi har gemu. Baba Jatau ya juyo da idanun nan nasa masu hazo yana tambayar me ya faru. Can ya ce, a hankali, "Kande ta ƙone ko?" Wallahi ban taɓa jin magana mai ciwon wannan ba.

Kallamu na tsaye a bakin ƙofa yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, ya rasa abin da ake wa kuka.

"Baba, Inna ai tana ɗakinta."

Nomau ya ɗago ya ce me ya ce.

"Baƙi maza ne suka yi sallama. Yaushe Inna ta taɓa zama? Na kai ta ɗaki."

Nomau ya ja aljihun, wayam. Ni da Tabawa muka ruga ɗakin Kande. Ga faifan nan a kan gadonta, an ɗora shi a kan matashi, an lulluɓe shi da zanenta na saƙi, an ajiye masa mafici a gefe. Guɗar da na saki ranar sai da aka ji ta a tasha. Nomau na kuka yana dariya yana cewa wa ya ba shi izinin zare faifai, Kallamu ya ce shi ne ya ba shi, ai ya ce yadda yake yi wa Inna.

Aka duba, Allah ya taimaka koren allon bai taɓu ba, faifan ƙwallo ne ya tafi. Alhaji da kansa ya ɗauko fawar Kallamu daga bakin taga ya miƙa masa da hannu biyu. Ta shige raminta cif. Amma Kallamu ya ce Inna ba za ta fito ba sai baƙi sun fita. Abokan Alhaji suka tashi suna dariya suka koma gindin dalbejiya. Kallamu bai motsa ba, yana kallon Alhaji, ya ce Inna ta fi jin kunyar suruki a kan kowa. Alhaji ya ce gaskiya ne, ya ɗauki takalmansa ya fita ya tsaya a bayan taga. Sannan Kallamu ya ɗauko faifan a naɗe ya mayar da shi mazauninsa. Nomau ya yi bismilla ya kunna. Shiru. Sai da ya kara kunne a jikin kwamfutar kafin ya yarda tana aiki.

Sai ga tsakar gidan nan a bango, cike da 'yan biki. Sai ga Kande ta gifta da faranti a hannu, ɗankwalinta ya zame gefe kamar kullum, fuskarta ta cika talabijin. Baba Jatau ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya daɗe, sannan ya ce, "Ita ce." Muna jin ƙarar awarwaronta, muna jin tana yi min tsiya a kan gishirin miya. Can sai ta waiwayo, ta dubi wani a bayan mai ɗauka, muryarta ta fito tas daga lasifika: "Kallamu, kana tsaye? Kai wa babanka ruwa, tun safe bai sha komai ba."

Kallamu ya ce, "To, Inna."

Ya fita ya buɗe randa, ya ɗebo ruwa a moɗa, ya dawo ya durƙusa gaban tsohon ya miƙa masa. Baba Jatau ya karɓa, idonsa bai bar bangon ba, ya shanye shi tas.